Muryar Baba da Manhajar Injiniya

Tun farko sai da na ce a yi da waya. Wayata tana ɗaukar murya lafiya lau, da ita nake aika wa masu kawo mini ɗinki saƙo kullum, ba wadda ta taɓa cewa ba ta ji ni ba. To amma ni tela ce, kuma a gidanmu tela ba ta da ta cewa in ana maganar na'ura, tunda Allah ya hore mana masana har biyu. Akwai ƙanena da muke kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon Baba ya kasa mayarwa, akwai kuma autarmu da ta bi sawunsa ta karanci kwamfuta. Ofis ɗaya suke, shi ne mai wurin, suna rubuta manhajojin da ake sa wa kwamfutocin shaguna da makarantu. Injiniya ya dube ni kamar na ce a ɗauki muryar da gwangwani, ya ce waya tana matse murya, waya tana faɗawa ruwa, waya ana sace ta. Shi yana da manhajar ɗaukar murya da ya rubuta wa wata makarantar koyon harsuna, da ita za a yi.

Abin da za a ɗauka kuwa muryar Baba ce. Likita ya ga ƙari a maƙogwaronsa, ya ce sai an cire, kuma in an cire, muryar ta tafi ke nan. Wani mutum in aka ce masa haka zai yi tunanin ransa. Baba mai aski ne, ya yi rayuwarsa yana zuba labari a kan kawunan mutane, har akwai masu zuwa shagonsa ba gashi a kansu, don dai su ji ƙarshen abin da ya fara wancan makon. Shi abin da ya dame shi matar Injiniya ce da ke ɗauke da cikin fari. Yarana sun sha surutunsa har sun ƙoshi, amma wannan da ke tafe zai taso ya tarar da kaka mai nuni da hannu. Baba ya ce bai yarda ba, sai ya bar masa muryarsa.

Injiniya ya kawo tsohuwar kwamfutarsa ta cinya da wani makirfo mai ƙafa, ya jera su a kan teburin falo, ya nuna wa Baba madanni biyu: wannan farawa, wannan tsayawa. In ya tsaya, koren akwati zai fito a allo da rubutu, An adana. Baba ya riƙe wannan da hannu biyu. Kowace safiya, bayan ya sha ruwan ɗumi da zuma, sai ya sa riga mai kyau kamar za a gan shi, ya rufe ƙofar falo, ya zauna. Ina ɗakin ɗinki ina jiyo shi sama-sama, wani lokaci yana dariya shi kaɗai, wani lokaci tari ya sarƙe shi ya dakata ya ci gaba. Likita ya ce ya rage magana, shi kuwa ya daina yi da mu ne kawai. Muryar tana ƙarewa muna gani, kuma duk abin da ya rage mata a makirfon nan yake zuba shi. Bai taɓa kunna ko ɗaya ya saurara ba. Ya ce zai ji su bayan tiyata, lokacin da zai yi kewar kansa.

Ana gobe za a kwantar da shi, hankalina ya ƙi kwanciya da a ce abu mai daraja haka yana wuri ɗaya. Na kira Auta na ce ta zo da filashi, ɗan abin nan da ake ajiye fayil a ciki, ta kwafa mana. Ta zo da hantsi, ta zauna tana mita cewa kwamfutar ta yi nauyi, in ka motsa linzami sai ya yi shawara kafin ya bi ka. Jerin yana nan a allo, kowane da sunan da Baba ya ba shi: Ranar da na yanke kunnen alƙali, Yadda na haɗu da kakarka, Kada ka auri mai son madubi. Ta yi dariya, ta buɗe foldar da ya kamata muryoyin su kasance, sai dariyar ta tsaya. Ta rufe foldar, ta sake buɗewa. Na tambaye ta lafiya, ba ta ko juyo ba.

Na ja kujera na zauna kusa da ita, don na san fuskar nan tun tana goye a bayana. Ta danna ɗaya daga jerin ta kunna, shiru. Ta sa kwamfutar ta bincika rumbun ajiyarta kaf ta kawo duk wani fayil na murya, ba ta kawo komai ba sai ƙararrawar da ta zo da ita daga kamfani. Ta ce akwai wani lungu da kwamfuta kan jefa abin da tsofaffin manhajoji suka rubuta a inda ba a ba su izini ba, ta leƙa can, fayau. Ta duba kwandon shara. Ta ce bari ta ga abin da manhajar ta rubuta game da kanta, don kowace manhajar kirki tana barin bayanin abin da ya same ta. Shi ma bayanin babu. Daga nan ta ciro tata kwamfutar daga jaka, ta buɗe asalin rubutun manhajar, ta dinga gangarawa da yatsa tana cije leɓe, har ta tsaya a wani wuri ta jingina da kujera.

Ta juyo mini da allon, wai in gani, kamar zan iya karanta tsutsotsin nan. Ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

“Yaya, nan an ce mata, gwada ajiye muryar. Nan kuma an ce, in ajiyar ta ƙi, ga abin da za ki yi. To dubi abin da za ta yi.”

Na duba. Alamu biyu ne masu kama da baka suna kallon juna, tsakaninsu babu komai.

“Ba komai,” in ji ta. “In ta ƙi, ta yi shiru. Layin da ke biye shi ne mai fito da koren akwati.”

Sauran ta yi mini shi dalla-dalla. Manhajar tana ajiya ne a cikin foldar da ita kanta take zaune, wurin da kwamfuta ba ta barin kowa ya rubuta sai mai cikakken iko. Injiniya ya gwada da nasa sunan na shiga kwamfutar, mai iko, abu ya tafi sumul. Sannan ya buɗe wa Baba ƙaramin suna marar iko, wai don kada tsoho ya danna wani abu ya ɓata, ya tafi abinsa bai sake gwadawa ba. Tun ranar farko kwamfutar take cewa a'a, manhajar tana haɗiye a'ar tana nuna wa Baba kore. Sunayen kawai take ajiyewa a wani wuri daban, shi ya sa jerin yake cike. Da can, in ji Auta, jan akwati ne ke fitowa ya faɗi abin da ya faru. Sai shugaban makarantar nan ya dami Injiniya da waya, wai jajayen akwatuna suna tsorata malamansa. Maimakon ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga me ke kawo su, sai ya zauna da yamma ɗaya ya toshe musu baki duka. Waya ta daina ƙara, shi kuma ya kira wannan gyara. Auta ta ce ta yi magana a lokacin, ya ce mata ranar da ta buɗe nata ofishin ta cika shi da jan akwati.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni in na yanka yadin mutum ba daidai ba, kiransa nake in faɗa masa, ba na ninke shi in sa a leda in ce ya yi kyau. Raina ya ɓaci. Na ce yanzu duk safiyoyin nan, duk tarin nan, iska ya yi wa magana?

Auta ta ɗaga mini hannu. Idonta yana kan kwamfutar Baba, kan nauyin nan da take mita a kai. Ta tambaye ni ko Baba yana kashe ta in ya gama. Na ce bai ma san inda ake kashewa ba, murfin kawai yake rufewa, kuma cajar ba ta taɓa barin bango ba. Ta buɗe wani ɗan allo mai lambobi, ta dafe baki. Ashe manhajar tana da wani aibin na biyu, wanda shi ma sun sha faɗa a kai: in ta ɗauki murya ba ta sakinta daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, tara su take yi har na'urar ta kasa numfashi. Wannan nauyin da muke gani muryar Baba ce. Tana nan a ciki, ba a rubuce a ko'ina ba, a riƙe kawai, muddin ba a rufe manhajar ba kuma wuta ba ta yanke mata ba. Ta ce za ta iya juye ƙwaƙwalwar gaba ɗaya a wani rumbu, daga baya ta tsince muryoyin a hankali. Filashin da ta kawo ya yi kaɗan, rumbun kwamfutar kuma ya kusa cika, sai ta je ofis ta ɗauko babba. Ta kira Injiniya don ya ba ta kalmar sirrin mai iko, bai ɗauka ba, ta tura masa saƙo ya zo gida. Tana sa takalmi tana jaddada mini: kada a rufe murfin, kada a zare caja, kada kowa ya taɓa.

Na zauna gadin kwamfuta kamar mai jinya. Ko labule ban yarda iska ta kaɗa wajenta ba.

Ba a jima ba sai ga Injiniya, da makullin mota a yatsa, yana tambaya wai me ya faru ake nemansa kamar gobara. Da na san abin da zai biyo baya da na kulle ƙofa. Na faɗa masa iya abin da na fahimta, kuma na san ban faɗa da kalmominsu ba. Na ce muryoyin ba su ajiyu ba, amma suna ciki, Auta ta ce kada a taɓa. Ya yi ɗan murmushin nan nasa da nake tsana tun yana yaro, ya ce ai in ba su ajiyu ba to ba sa ciki, in kuma suna ciki to sun ajiyu, in zaɓi ɗaya. Ya ce Auta akwai ta da mai da ƙaramin abu babba. Ya sunkuya ya motsa linzamin, ya ga yadda yake jan ƙafa, ya ja tsaki.

“An ce kada a taɓa,” na sake faɗa.

“Yaya, ni na rubuta ta.”

Daidai nan tari ya turnuƙe Baba a ɗaki, irin mai tsayar da numfashi. Na ruga. Na ɗaga shi zaune, na riƙe masa kofi, ina shafa bayansa har abin ya lafa. Ina goge masa baki na jiyo wata 'yar ƙara mai daɗi daga falo, 'yar waƙar nan da kwamfuta take yi in ta tashi sabuwa.

Na fito na same shi zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran allo ya gama haske. Ya ce ta cushe ne kawai, ya kashe ya kunna, yanzu zan ga yadda za ta yi gudu. Haka suke yi, na sha ji a bakinsu. Duk wanda ya kira ofishinsu da matsala, kafin ya gama bayani an ce masa ya kashe ya kunna. Hannunsa ya saba har ba ya neman izinin kansa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, kwamfutar ta yi gudu. Linzami yana ta zillo a allo, ba abin da ya rage mata na ɗauka.

Auta ta shigo da rumbu a hannu tana haki. Ta dubi allon, ta dubi yayanta, ta dube ni. Ba ta yi ihu ba a lokacin. Ta ajiye rumbun a kan tebur a hankali, ta buɗe ɗan allon nan mai lambobi, ta juya masa shi, ta faɗa masa abin da ke ciki kafin ya zo, da kalmomin da shi yake ganewa. Na ga fuskarsa tana sauka. Ya ja kwamfutar gabansa ya fara danne-danne, yana buɗe foldar da muka riga muka buɗe, yana cewa ba zai yiwu ba, a tasa tana aiki, ya gwada da hannunsa. Na bar su a nan, don in na tsaya zan yi abin da ban taɓa yi masa ba tun da ya yi gemu.

Dole wani ya faɗa wa Baba, kuma na san ba ɗayansu da zai iya. Na zauna a bakin gadonsa na faɗa masa ba kwana-kwana. Na ɗauka zai yi fushi, na ma so ya yi, amma sai ya tambaye ni da ragowar muryarsa, wadda ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa, ko har da labarin haɗuwarsa da kakar yaron. Na ce har da shi. Ya rufe ido. Can ya buɗe ya nuna wayata.

“Uwata, kawo taki. Ko kaɗan ne.”

Na gyara masa matashi, na ba shi ruwa ya jiƙa maƙoshi, na danna, na kai wayar dab da bakinsa. Ya yi sallama ga wanda ba a haifa ba, ya ce shi ne kakansa mai aski. Iyakar abin da ya samu faɗa cikin natsuwa ke nan, don a falo wuta ta kama.

Auta ce ta fara, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Ta ce masa maƙaryaci, wanda ya koya wa na'ura ƙarya don ya samu barcin rana. Ya ce ita da ta san haka me ya hana ta zuwa ta duba tun tuni, ko sai yau ta tuna tana da uba. Ta ce ya hana ta taɓa aikinsa. Ya ce da ta rubuta takarda ta manna a allon da bai kashe ba, wa ke barin abu irin wannan a hannun tela. Daga nan suka bar maganar kwamfuta suka shiga tone-tone. Wa ya fi zuwa asibiti, wa aka fi so, wa ya ci gumin wa a ofis, wa bai zo ba ranar da mahaifiyarmu ta cika. Suna yi suna matsowa har suka iso bakin ƙofar ɗakin, kowa yana so in shaida masa. Na ce su yi shiru ana ɗauka, ko a jikinsu. Baba ya ci gaba da motsa baki, ina ganin jijiyoyin wuyansa suna tashi, yana ƙoƙarin ɗaga muryar da babu ita ta haye tasu. Ya bar jikan ya koma kiran sunayensu. Ba wanda ya ji shi sai ni da nake riƙe da wayar. Da tarin ya zo, ya zo da jini, kuma shi ne ya rufe musu baki.

Ranar ba a kai gobe ba, da yamma muka kai shi. An yi aikin, an ce an dace, kuma na gode wa Allah, don uba marar murya ya fi kabari. Ya dawo gida da rami a wuya da ɗan allo da alli. Auta ta bar ofishin. Injiniya, an ce, ya bi manhajojinsa duka ya mayar da jajayen akwatuna, har shugaban makarantar ya koma kiransa. Kowannensu ya zo mini a ɓoye yana roƙon in tura masa abin da ke wayata, wai akwai dabarar da za a tace hayaniyar a fito da muryar Baba. Na ce wa kowannensu ya fita mini daga ɗakin ɗinki. Ban kwafa ba, ban tura wa kowa ba, ban ma iya saurara ba.

Baba ne ya nema. Wata safiya ina canza masa ƙyallen wuya ya rubuta a allonsa, Kunna mini. Na ce ya bari ya ƙara samun ƙarfi. Ya ƙwanƙwasa allon da alli. Na kunna na ajiye a kan cinyarsa.

Sallamar ta fito, siririya amma tasa ce, har da ɗan jan nan da yake yi in zai fara labari. Kakanka mai aski. Na ga leɓensa yana bin kalmomin. Sai muryar Auta ta faɗo a kai, sai ta Injiniya, da zagin, da sunan mahaifiyarmu ana jifa da shi, da tawa ina cewa a yi shiru. Can ƙasa, in ka kasa kunne sosai, akwai wani abu kamar kiran suna. Bai ɗaga hannu a tsayar ba. Ya saurara har tarin, har inda ta yanke.

Ya goge allon da gefen hannu, ya yi rubutu, ya juyo mini da shi. Goge.

Na ce Baba, ita kaɗai ce. Babu wata a duniya. Na ce a bar Auta ta yanko sallamar kawai, ko ita ce yaron ya samu. Ya girgiza kai, ya sake rubutu a ƙasa, a hankali, allin yana ƙara. Sai sun saurara kafin su yanka. Kuma wata rana yaron zai nemi sauran.

Na yi kuka, na roƙe shi, na ce ba shi ya yi laifin ba da zai biya. Ya bar ni na gama, idonsa a kan hannuna. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na dube shi, ya gyaɗa kai, na danna.